Kawuna Shida na Mai Siminti

Gara in fara da laifina kafin in taɓa na wani: ni ban iya riƙe fuskar mutum ba. Na taɓa gaisawa da wani bawan Allah a bakin banki, na tambaye shi iyali, na tambaye shi aiki, sai da muka rabu na tuna shi ne likitan da ya cire mini haƙori da safiyar ranar. Don haka ba ni da bakin yi wa Akawu dariya. Shi aƙalla akwai fuskar da ya riƙe.

Akawu ya yi shekara goma sha bakwai a wani kamfanin inshora, yana zaune tsakanin fanka da kabad ɗin fayil, yana cika takardun da ba wanda ke karantawa. Ranar da aka rage ma'aikata, wasu sun fito da kuka, wasu da zagi, shi kuwa ya fito da jaka cike da tsofaffin takardu. Bayan kowace takarda akwai zanen fuskar mutum da ya yi da biro lokacin taro. Abokan aikinsa sun sha ce masa, "Kai ai ɓata ka ake yi a nan." Irin maganar da ake faɗa wa mutum ce don a samu a wuce. Shi kuma ya ɗauka ya ajiye, yana da shekara arba'in da uku ya ciro ta ya ce lokacinta ya yi.

Ya sayi fenti gwangwani biyar da buroshi manya da ƙanana, ya kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya na bayan gida, ya ce daga yau sunan wurin ɗakin zane. Matarsa ta ci gaba da ajiye tsintsiya da bokiti a ciki, ta ce su ma ai sun riga shi zuwa.

Labari bai kwana biyu ba ya isa kunnen Yaya.

Yaya shi ne babban wansa, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya biya masa makaranta, shi ya tsaya masa a aure. Yana da shagon kayan gini a ƙarshen layi, duk unguwa Mai Siminti ake ce masa. Mutum ne mai faɗin hanci, da leɓen ƙasa a ɗan ture, da girar hagu wadda ta fi ta dama tashi sama, kamar kullum tana tambayar ka, "Sai kuma me?" Kansa kuwa sanƙo ne tas, tun yana saurayi gashin ya yi masa sallama, shi ya sa ko barcin rana yake yi a shago da hularsa yake yi.

Ya aika aka kira Akawu. Akawu ya same shi yana zaune bayan tebur, a gefen ƙofa kuma ga wata sabuwar kujerar roba shuɗiya, ko ledar ƙafafunta ba a cire ba.

"Auta," in ji Yaya, don har yau haka yake kiransa, ko da furfura ta fara yi masa leƙe a gemu. "An ce ka zama mai fenti."

"Mai zane, Yaya."

"To, mai zane. Yara za su ci zanen ne ko za su sha shi?"

"Ai akwai kasuwarsa, Yaya. Yanzu duniya ta canza, fasaha ita ce..."

"Ka ga kujerar can?" Yaya ya nuna da leɓe. "Taka ce. Na saya jiya. Ina bukatar mutum mai karatu a shagon nan, idona ya fara gajiya. Amma ba zan danne ka ba, kada gobe a ce na binne maka baiwa. Na ba ka wata biyu. In ka samu mutum ɗaya, wanda ba dangi ba, ba suruki ba, ya ba ka aiki, ya biya ka, ya kuma rataya aikin inda jama'a za su gani, har ranar da wata biyun suka cika yana nan a rataye, to na cire bakina, ka je ka yi ta zanenka. In ba haka ba, ƙarfe takwas na safe ka zo ka zauna."

Akawu ya kalli kujerar. Ita ma kamar tana kallonsa.

Makonni shida suka wuce kamar an kore su. Ya buga 'yan katuna ɗauke da lambar wayarsa ya rarraba, ya ga ɗaya daga ciki mai faci ya naɗe yana sakace haƙori da shi. Ya ɗora hotunan zanensa a waya, mutum goma sha ɗaya suka yaba, tara a ciki dangi ne. Wata mata ta kira ta ce a zana mata mijinta, da ya faɗi kuɗin aiki sai ta ce ashe da kuɗi ake yi, ita ta zaci yana koyo ne. Wani mai otal ya ce ya zo ya zana masa bango kyauta, ai mutane za su gani su san shi. Akawu ya ce zai yi tunani. Yana cikin tunanin mai otal ya sa aka shafa wa bangon farar ƙasa.

Kullum kuma in ya bi ta gaban shagon Yaya, sai ya ga kujerar a gefen ƙofa, ba wanda ke zama a kai. Ko baƙo ya zo zai zauna, sai Yaya ya ce, "A'a, tana da mai ita."

Ana saura kwana goma sha biyu Allah ya kawo mai aski.

Wani siririn mutum ne mai yawan magana, ya buɗe sabon shago a tsakiyar layi, tsakanin tela da mai walda. Yana son allo irin na masu aski, mai kawuna shida, kowane kai da irin askinsa da lambarsa, yadda mutum zai nuna ya ce ga wanda yake so. Ya zo ɗakin zane da wata tsohuwar takarda mai hotunan aski da ya yago daga kalanda.

"Ga su nan, Malam Akawu, ka kwafa kawai. Haka duk masu allo suke yi."

Akawu ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya ajiye ta a kan bokitin matarsa. "Su masu allo ne. Mai zane ba ya kwafa. Askin zan duba in gani, amma fuskokin daga kaina za su fito."

"Daga kanka ko daga ƙafarka, ni dai a ga aski," in ji mai aski. Ya biya nan take, ya fita yana waya.

Mako guda Akawu ya yi a kan allon. Ya rufe ƙofa, ya toshe tagar da tsohon zanin gado, don ya ji an ce manyan masu zane ba sa nuna aiki sai ya kammala. Bai taɓa jin hannunsa ya saki haka ba. Fuskokin suna zuwa da kansu, kamar dama suna tsaye a bakin buroshi suna jiran a buɗe musu. Na ɗaya aski ne ƙasa-ƙasa. Na biyu mai tudu a gaba. Na uku an kwashe gefe da gefe an bar tsakiya. Na huɗu shi ya fi ba shi sha'awa: suma ce cikakkiya baƙa wuluk, da tsaga a gefen hagu, da saje har kusa da muƙamuƙi. Na biyar da na shida na 'yan zamani ne, masu zane-zanen reza a ƙeya.

Ranar da ya gama, matarsa ta shigo ɗaukar tsintsiya ta tarar ya yaye ƙyallen da ya rufe allon da shi yana sha'awar aikinsa. Ta tsaya. Ta kalli allo, ta kalle shi, ta sake kallon allo.

"Baban yara, ka kuwa duba wannan abin da kyau?"

"Kwana bakwai ina dubansa."

"A'a, ina nufin ka ja da baya ka duba."

"Maman yara, kowa da fanninsa. Ni na taɓa ce miki ki ja da baya ki duba tukunya?"

Sai ta sa gefen mayafinta ta toshe bakin, kafaɗunta suna rawa. "Allah ya sa albarka," ta ce, ta fita ba tare da tsintsiyar ba.

Washegari da hantsi aka ɗaura allon a saman ƙofar mai aski. Mai walda ne ya hau tsani ya kafa shi, ya sauko, ya ja da baya yana goge hannu a wando, ya ɗaga kai don ya ga ko ya miƙe. Sai ya kira tela.

"Zo ka gani. Wa ka gani?"

Tela ya fito da tef a wuya, ya gyara tabarau. "La ilaha! Ai Mai Siminti ne!"

"Wanne daga ciki?"

"Duka!"

Akawu ya yi murmushin wanda jahilai suka kewaye, ya ja da baya shi ma don ya nuna musu kuskurensu. Taku ɗaya, biyu, biyar, har ya kai bakin kwata. Ya ɗaga kai.

Yaya shida ne suke kallonsa daga sama. Hanci shida masu faɗi, leɓe shida a ture, girar hagu shida duk sun tashi suna tambayarsa, "Sai kuma me?" Kowanne kuma da gashi a kansa, gashin da Yaya rabonsa da shi shekara arba'in.

Nan take abin ya faɗo masa. Ai a shagon Yaya ya koyi zane yana yaro, bayan an tashi makaranta, kuma a duk duniya Yaya ne kaɗai mutumin da yake zama wuri ɗaya ba motsi, in barcin rana ya ɗauke shi. Ya tuna jakar takardun ofis. Ya tuna yadda abokan aiki suke leƙowa su ce, "Yau ma mutumin naka ne?" Shi duk shekarun nan ya ɗauka salon hannunsa suke yabo.

Kafin azahar layin ya cika. Masu babur suna tsayawa, 'yan makaranta suna nunawa, mai faci ya bar taya a buɗe ya zo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Aka fara shiga shagon mai aski ana cewa, "A yi mini Mai Siminti na uku." Mai aski bai samu ya ci abinci ba ranar, injinsa har zafi ya yi.

Da la'asar Akawu ya lallaɓo da buroshi da gwangwani a leda.

"Ka bar ni in ɗan gyara."

"Gyara me? Allon da ya kawo mini mutum ashirin? Malam Akawu, ka taɓa shi mu ɓata."

"Ɗaya kawai. In sauya masa kama."

Da ƙyar mai aski ya yarda da na biyu. Akawu ya hau tsani ya zana masa tabarau. Da ya sauko, tela ya leƙo ya ce, "Yauwa, ga shi nan sak, lokacin da yake duba rasit."

Saura kwana uku wa'adi ya cika. Akawu ya zauna ya auna lamarin: wanda ya ba shi aiki ba dangi ba ne, ya biya, ya rataya. Abu ɗaya ya rage, allon ya kai ranar yana sama. Kuma mutum ɗaya ne a duk unguwar zai iya sa a sauke shi da kalma guda.

Kwana biyu Yaya bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi zagi tayar wa Akawu da hankali. Matarsa ta ce, "Ka je ka same shi mana, ka ba shi haƙuri." Ya ce ai wanda ya taka wutsiyar zaki ba ya komawa ya tambaye shi ko ya ji zafi.

Ranar ƙarshe, wajen ƙarfe goma, aka ga Yaya ya kulle shago da kansa, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Ya taho a tsakiyar layi, hannuwa a baya. Mai walda ya kashe injinsa. Tela ya dakatar da keke. Wanda ake yi wa aski ya fito da rabin kai da ƙyalle a wuya. Aka aika wa Akawu, ya zo da silifas ɗaya nasa ɗaya na matarsa.

Yaya ya tsaya a gaban allon. Ya fara daga na ɗaya, ya bi su a hankali kamar mai duba kaya kafin a sauke daga mota. Ya kai har na shida, sannan ya dawo kan na huɗu ya tsaya. Ya daɗe a nan. Hannunsa ya tashi ya taɓa gefen hularsa na hagu, daidai inda tsagar take a allo, sai ya yi sauri ya mayar da shi baya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wa ya gaya maka a hagu nake tsagawa?"

"Ba... ba wanda ya gaya mini, Yaya. Hannu ne kawai."

"Kana goye lokacin." Ya yi gyaran murya. "Sajen ya fi haka tsawo. Amma a hagu ne."

Wani daga baya ya ce, "Ashe Mai Siminti an yi tashe!" Aka yi dariya, Yaya bai juya ba, amma leɓen nan na ƙasa ya ɗan motsa. Ya dubi mai aski.

"Kai, nawa ka biya? Zan ninka maka. A sauke mini shi, gida zan kai."

Idon mai aski ya yi ƙyalli. Ya fara kallon tsani.

Sai a lokacin Akawu ya ga ramin da ke gabansa. In aka sauke allon yau, bai kai wa'adi a rataye ba. In kuma Yaya ya saya, to dangi ne ya saya. Ko Yaya ya shirya haka ne, ko kuwa tsagar ce ta taɓa masa zuciya, har yau ba wanda ya sani, girar hagun ba ta bayyana sirri. Akawu ya ga kujera shuɗiya tana taso masa daga ƙarshen layi. A karo na farko cikin shekara arba'in da uku, ya sha gaban wansa.

"Yaya, ba za a sauke ba."

Yaya ya juyo.

"Me ka ce?"

"Na ce... don Allah a bar shi, Yaya. Yau ne wa'adi. Ka ce wanda ba dangi ba, ga shi. Ka ce ya biya, ya biya. Ka ce a rataye, ga shi a rataye. Kai ka koya mini magana ɗaya ce." Ya nuna allon da hannu. "In na huɗun kake so, ni zan zana maka shi daban. Babba. Shi kaɗai, ba lamba a ƙasa. Da sajen yadda yake."

Yaya ya kalle shi, ya kalli allo, ya kalli jama'a. Sannan ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

"Kun ji Auta ya yi baki. To, shi ke nan. Magana ɗaya ce. Ka ci, ka zama mai zane, na cire bakina." Ya ɗaga yatsa. "Amma nawa ba daga ka za ka yi shi ba. Ni ba allon aski ba ne. Zama zan yi ka dube ni ka zana, yadda ake yi wa manyan mutane. Kuma sai ya yi kama da ni zan karɓa."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Yaya," in ji Akawu, har da dariya. Wace fuska ya iya in ba ita ba?

Aka tafa, mai walda ya ɗaga hannun Akawu sama kamar ɗan dambe, mai aski ya yi masa aski kyauta, na ɗaya, don shi ne daidai abin da ya rage masa a ka. Ya koma gida yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Ya ce wa matarsa daga yau ta nemi wani wurin ajiye bokiti.

Da yake Yaya ba ya iya barin shago, a can aka shirya zaman. Da yake kuma hasken safe ya fi kyau, Akawu da kansa ya zaɓi ƙarfe takwas. Ya kafa katakon zanensa a gefen ƙofa, ya duba bai ga abin zama ba, Yaya ya ce, "Ga kujera nan, ba mai ita yanzu."

Sai dai wani abu ya faru da Akawu bai taɓa tsammani ba. Muddin fuskar tana gabansa da ido biyu tana kallonsa, hannunsa ba ya iya ta. Zanen farko ya fito kamar wani direban babbar mota. Na biyu, matar Yaya ta leƙo ta ce ya yi kama da wani malamin lissafi da ya taɓa koyar da su. Na uku ya yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba, sai dai fuskar tela ce ta fito. Kowanne Yaya zai ɗauka ya kai bakin ƙofa ya duba a haske, ya ce, "Da saura, Auta. Kada ka gaggauta, aikin fasaha ba a yi masa gaggawa."

In mai saye ya shigo kuma, Akawu ne da kansa yake cewa, "Yaya, kada ka motsa, ka ɓata mini inuwa," ya ajiye buroshi ya tashi ya auna ƙusa, ya nuna kwanon rufi, ya kira masu ɗaukar siminti. Ya ma gyara jerin kayan kanta don yadda suke a da yana ɗauke masa hankali in yana zane.

Allon yana nan a saman ƙofar mai aski, rana ta ɗan cinye na shida. Akawu ya buga sababbin katuna, an rubuta Mai Zane da manyan baƙaƙe, kuma duk wanda ya tambaye shi sana'a yakan ba shi ɗaya, ya ce yanzu haka yana kan wani babban aiki ne na musamman.

Yau wata tara ke nan bai yi lattin ƙarfe takwas ba ko sau ɗaya.